Ƙafar Telan Sista Ƙararrawa

Tagar ɗakin magani inda nake aiki tana fuskantar zauren jira ne, don haka ko ina so ko ba na so, shekara da shekaru ni ce ɗalibar da ba ta taɓa fashi ba a ajin Sista Ƙararrawa. Ba ita ta raɗa wa kanta sunan ba. Masu ciwon suga ne suka laƙaba mata, saboda in ta buɗe baki a zauren nan har mai gadi da ke bakin ƙofa yana jiyo ta, ya kuma san ko yau wa aka kama. Ta san da sunan, ko a jikinta. Ni dai Yaya nake ce mata, don ta girme ni nesa ba kusa ba, kuma ita ta ja ni a jiki lokacin da nake sabuwar zuwa, ban san ko inda ake ajiye makulli ba.

Gajeruwa ce mai jiki, farar rigarta kullum a goge, da agogo maƙale a ƙirji da biro a aljihu wanda ko likita ba ta ara wa. Ita ke riga kowa zuwa. Kafin mai shara ta gama, ta jera bencina, ta goge sikeli, ta fito da na'urar awon suga da auduga, ta tsaya tana duban agogo kamar mutanen ne suka makara. A gidanta ma haka abin yake. Ba a ajiye suga, baƙo ya sha shayinsa haka nan ko ya haƙura. Maigidanta, wani malamin makaranta mai sanyin hali, yakan ce shi kaɗai ne majinyacin da aka kwantar tun yana saurayi har yau ba a sallame shi ba.

Wanda bai san ta ba zai ce masifa ce kawai. Ni na san inda abin ya samo asali, don ta gaya mini wata rana muna cin abinci a ɗakin magani. Mahaifiyarta ciwon suga ne ya yi ajalinta, bayan an yanke mata ƙafa. Lokacin Yaya tana makarantar koyon aikin jinya, ita ce mai goya tsohuwar zuwa banɗaki. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne, a duk shekarun da suka yi suna zarya asibiti, ba wanda ya taɓa ɗaga wa tsohuwar murya. Kowa lallaɓa ta yake yi, Mama a rage wannan, Mama a daure a bar wancan. Mama ta ce to, ta koma gida ta ci gaba da abinta. Yaya ta sa wa ranta cewa da an samu mutum ɗaya da ya tsorata ta tun da wuri, da ta koma ga Allah da ƙafafunta biyu. Tun daga nan ta ɗaukar wa kanta alkawarin ba mai ciwon sugan da zai bi ta hannunta ya ce bai ji ba.

Ranar Talata ce ranar masu suga. Su zo da sassafe ba su karya ba, ta huda yatsan kowa ta auna, in an gama ta tsaya a tsakiyar zaure ta faɗi sakamakon kowa da ƙarfi, a gaban kowa. Wanda nasa ya hau, sai ya miƙe tsaye. Ta inda take shiga ba ta nan take fita ba. Ta tambaye shi ko ya gaji da ƙafarsa ne, ko yana da wata a ajiye a gida, ta ɗago wani babban hoton ruɓaɓɓiyar ƙafa da ta manna a kwali ta kai masa har hanci. Na ga dattijo mai furfura yana zufa yana ba ta haƙuri kamar ɗan firamare. Wanda nasa ya sauka kuwa, shi ma ya miƙe, a tafa masa. Sai ka ga tsohuwa ba haƙori ko ɗaya ana tafa mata, baki har kunne. Gaskiya abin yana da daɗin kallo, kuma likitoci na yaba mata, don a duk asibitin ba ɓangaren da sakamakonsa ke kyau kamar nata.

Layi dogo ne, ita kuwa ita kaɗai ce, sai ta samo dabara. Duba ƙafa yana cin lokaci: a cire takalmi, a cire safa, a leƙa tsakanin yatsu, a taɓa tafin ƙafa a ga ko mutum yana ji. Sai ta ware shi ga waɗanda sugansu ya hau, ya zama kamar cikon hukuncinsu. Waɗanda aka tafa wa kuwa, ta ɗaga musu hannu su wuce wurin likita, daga nan su zo tagata su karɓi magani. A ganinta, wanda sugansa ke ƙasa ba abin da zai samu ƙafarsa.

A cikin waɗanda ake tafa wa ba kamar Tela. Dogo ne siriri, ya haura hamsin, mai magana ƙasa-ƙasa, kayansa kullum tsaf. Ranar da ya fara zuwa sugansa ya kai inda na'urar ma ta kusa ƙin faɗa. Ya sha wankin babban bargo a ranar, a gaban mata da maza. Da ta ji sana'arsa sai ta ƙara wuta, ta ce da me zai taka keken in an guntule ƙafar, da kunne? Zaure ya kwashe da dariya. Shi bai yi ba. Ya zo tagata ya karɓi maganinsa bai ɗago kai ba, na ce a raina wannan ba zai dawo ba.

Ya dawo. Wata na zagayowa sai ga shi da takalmi sau-ciki da safa kamar yadda ta umarta, sugan kuma ya sauko. Wata na gaba ma haka, na gaba ma haka, har aka daina mamaki. Ya zama ɗan gaban goshinta. Bencin gaba nasa ne, ba mai zama masa a wuri. Duk sabon da ya zo yana kukan abin da wuya, sai ta nuna Tela ta ce ga mutum nan mai iyali, mai aikin wahala, in shi ya iya kowa ma zai iya. Shi kuma ya sunkuyar da kai yana murmushi. Shekaru aka yi a haka, kuma a duk shekarun ba ta sake ganin tafin ƙafarsa ba.

Ana nan sai asibiti ya gayyato wata malama mai nazarin halayyar ɗan Adam ta yi mana bita a kan yadda ake taimaka wa majinyaci ya canza ɗabi'arsa. Ba ta wuce sa'ar 'yar Yaya ta fari ba, ga ta da sanyin murya. Abin da ta zo da shi a taƙaice shi ne, yawancin majinyata sun riga sun san abin da ya kamata su yi. Ba rashin ji ne ke hana su ba, akwai abin da ke tare musu hanya, kuma ba za ka san shi ba sai ka tambaya ka yi shiru. Ta ce tsoro yana tura mutum, amma sau da yawa ba inda kake so yake tura shi ba. Wanda aka kunyata a gaban jama'a yakan koyi yadda zai guje wa kunyar ne, ciwon kuwa yana nan inda yake. Ta ce a bar majinyaci ya zaɓi ƙaramin abu ɗaya da shi da kansa ya ga zai iya, a fara daga nan.

Yaya ta saurara tana kaɗa ƙafa. Da aka ba da damar magana ta miƙe ta ce ita in ta ga yaro zai faɗa titi fizgo shi take yi, ba ta tsayawa tambayarsa ya yake gani. Aka yi dariya, har da ni. Malamar ma ta yi, sannan ta tambaye ta, waɗanda ake tafa wa ɗin nan, me suke ci a ranakun da ba Talata ba? Yaya ta ce ai ba a gidajensu take kwana ba, amma na'ura ba ta ƙarya. Malamar ta ce haka ne, ba ta ƙarya, sai dai labarin safiyar ranar kaɗai take bayarwa. Muna fitowa Yaya ta raɗa mata suna Malama Tambaya, kuma ranar Talata ta koma zaurenta ta ɗora daga inda ta tsaya.

Ba a jima sosai ba mai ɗinka mata fararen riguna ya tashi daga unguwar. Tela kuwa ya daɗe yana roƙon ta kawo masa ɗinki ko sau ɗaya. Wata rana da yamma bayan mun tashi ta ce in raka ta. Ta sa yadi a jaka, muka nemo shagon da tambaya, ba ta gaya masa za mu zo ba. Ɗan tsukukun shago ne tsakanin mai gyaran waya da mai shayi. Fanka na juyawa a sama, rediyo na magana, ƙyallaye a ƙasa, ɗinkakkun kaya rataye a igiya. Yana zaune ya ba ƙofa baya, yana taka keke da ƙafar hagu kaɗai, keken ya tafi ya tsaya, ya tafi ya tsaya, ga ɗinkin mutane ya taru a gefe bai taɓa ba. Ƙafar dama ya ɗora ta a kan kifaffen bokiti, an naɗe ta da ragowar yadi. Kusa da hannunsa ga kofin shayi da rabin burodi, a ƙarƙashin tebur kuma ga kwalaben lemo da aka shanye, jere a jikin bango.

Ni kwalaben na fara gani. Ita warin ta fara ji. Na ga ta tsaya cak a bakin ƙofa, fuskarta ta canza, don wari ne da ta sani tun tana goyon mahaifiyarta. Da ya juyo ya gan mu sai ya zabura zai miƙe, yana laluben takalmi yana yi mana sannu da zuwa, yana cewa da ya sani da ya aika an sayo mana ruwa. Ta ce ya zauna. Ta ajiye jakarta, ta durƙusa a kan ƙyallayen nan da farar rigarta, ta kwance ƙafar. Miki ne a ƙarƙashin babban yatsa, ya yi rami, gefensa ya yi baƙi, ƙafar ta kumbura har idon sawu. Ya ce allura ce ya taka, bai ma ji ba sai da ya ga jini a safa, kuma abin ya kwana biyu, amma yana sa masa magani.

Na ja baya na jingina da ƙofa ina jiran a fara, har ina tausayin maƙwabta. Ta buɗe baki ta ce, "Ban ce maka," sai ta tsaya. Ta nemi almakashi ta yanke inda ƙyallen ya manne. Ya jawo durowar keken zai ɗauko mata, sai ga maganinsa cike da durowar, fakiti a kan fakiti, wanda nake ba shi duk wata da hannuna, yawanci ko ɓallewa ba a yi ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, saura kaɗan in yi abin da ita ta fasa. Ita kuwa ta daɗe tana kallon durowar, sannan ta tambaye shi da wata murya da ban san ta da ita ba, me ya hana shi sha.

"Sista, in na sha shi da safe, kafin rana ta yi tsaka hannuna ya kama rawa, ido ya yi duhu," in ji shi. "Ni kuwa ba na samun tashi in ci abinci a kan lokaci, masu kaya suna tsaye a kaina. Na taɓa ɓata wa wata mata tsadadden yadi saboda rawar hannun. To sai na bar shi. In yunwa ta taso, abin da ke kusa nake ci, ga mai shayi nan, ga lemo."

Ta ce to sakamakon ranar Talata fa?

"In Talatar ta matso sai in rufe shago da wuri, in sha maganin, in daina cin komai sai ruwa da ɗan ganye. Kafin in zo wurinki ya sauka." Ya murza zare a yatsa. "Kin tuna ranar da na fara zuwa? Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Da kuma aka tafa mini, ban taɓa jin daɗi irin haka ba. Ni ba wanda ya taɓa tsayar da ni a gaban mutane ya ce a yi koyi da ni. Da ƙafar ta fara na so in nuna miki. Sai in ga kin nuna ni kina cewa ga mutum, sai in ce bari sai wata mai zuwa."

Ta naɗe ƙafar da sabon farin yadin da ta kawo ɗinki, ta roƙi mai shayi ya kira maiɗakin Tela, ta fita titi ta tare mota. A yammacin aka ba shi gado.

Washegari aka yi masa gwajin da ke nuna yadda suga ya kasance a watannin baya, wanda ba a cika yi a wurinmu ba saboda tsada. Ya fito a sama can. Hoton ƙashi kuma ya nuna ciwon ya kai ga ƙashin yatsa. Likitan tiyata, mutum ne da ba ya kwana-kwana, ya ce yatsan kam ya tafi, amma in sugan ya sauka da gaske, jini kuma ya riƙa isa wurin, ana iya tsira da sauran ƙafar. Tela tambaya ɗaya ya yi, ko ƙafar da ba babban yatsa tana taka keke, don da hagu kaɗai ba zai ciyar da gida ba. Likita ya ce tana takawa.

Talatar da ta biyo baya na buɗe tagata da wuri don in ga abin da za ta yi. Ta auna kowa kamar kullum, amma ba ta faɗi sakamakon kowa ba. Hoton kwalin ma bai fito ba. Ta tsaya a tsakiya, wurin Tela a bencin gaba ba kowa, ta ce tana da tambaya, kuma ta yi alkawari ba wanda za ta yi wa faɗa.

"Wa ya ƙi cin abinci jiya saboda zai zo wurina yau?"

Kowa ya sunkuyar da kai yana kallon ƙasa. Can sai wata tsohuwa ta ɗaga hannu tana dariyar kunya. Sai ta kusa da ita. Sai wani direba da ake tafa wa kusan kullum. Hannuwa suka yi ta tashi har suka fi waɗanda ke ƙasa yawa. Wata ma ta ce ai a layi ake koya wa sababbi tun ranar farko, don kada su sha kunya. Ashe dabara ce da kowa ya sani a zauren ban da mai zauren. Yaya ta ce ta gode. Sannan ta ce kowa ya cire takalmi, kuma a ranar har yamma ta yi tana durƙushe tana duba ƙafafu.

Ita da kanta ta nemo lambar Malama Tambaya. Ban ji abin da suka faɗa wa juna ba, amma malamar ta riƙa zuwa tana zama a gefe ranar Talata, in an watse su shige ofis. Kada ku ɗauka abin ya zo wa Yaya da sauƙi. Matar da ta shekara ashirin da wani abu tana faɗa wa mutane abin da za su yi, a ce ta yi tambaya ta rufe baki, ai horo ne. Na sha hango ta tana cizon murfin biro, jijiyar wuya ta tashi, wani yana yi mata bayanin dalilin da ya sa ba zai iya rage shinkafa ba. Wani lokaci abin ya fi ƙarfinta ta ɓalle, sai mai gadi ya leƙo ya ce Sista ta warke. Amma ta sa labule a kusurwa, ta riƙa ganin mutane ɗaya-ɗaya, kuma a bayan labulen nan ta ji abubuwan da ba ta taɓa ji ba. Ga matar da tukunya ɗaya ake ɗorawa a gidansu, ba ta da bakin cewa a canza. Ga dattijon da ba ya ganin rubutun jikin magani, yana jin nauyin faɗa. Sakamakon ɓangarenta ya lalace, har wani likita ya tambaya ko lafiya. Ta ce masa lafiya ƙalau, dama can haka yake, yanzu ne dai suke gaya mata. Har yau da ritaya ta matso haka take aiki.

Tela kuwa yana kwance a ɗakin maza, gadon da ke kusa da taga. Kullum in ta tashi aiki sai ta je ta ja kujera. Ba ta yi masa wa'azi ko sau ɗaya ba. Ta tambaye shi yadda yininsa yake a shago tun daga buɗewa har rufewa, ta kai wa likita labarin rawar hannun, aka canza masa magani zuwa wanda ba ya faɗar da suga haka. Likitan ya ce da ya ji tuntuni da tuni an canza. Ta tambayi Tela abu ɗaya da yake ganin zai iya in ya koma. Ya ce barin shayi kam ba zai yi mata ƙarya ba, amma zai iya raba sugan biyu, kuma maiɗakinsa za ta riƙa aiko masa da abinci kafin rana ta yi tsaka. Wata rana ma da bakinsa ya gaya mata wani abokinsa ya kawo masa lemo a ɓoye ya kurɓa. Ina wurin, na ji ta ce ta ji daɗi da ya faɗa, ya yake ganin za a yi in abokin ya sake zuwa.

Aka cire yatsan. Sugan ya sauka, saukar gaskiya ba ta yunwa ba. Mikin ya fara ja, ya fara kawo nama, maiɗakinsa ta fara maganar share shago. Muka saki jiki. Yaya har ta koma tsokanarsa, ta ce tun da ƙafarsa ta riga ta sa yadinta, sai ya ɗinka mata riga biyu.

Sai zazzaɓi ya zo. Wata safiya da aka kwance bandeji, yatsun da ke kusa sun yi duhu, duhun kuma ya fara hawa bayan ƙafa. Aka canza allurai, aka sake shiga da shi aka kankare, aka jira. Likitan tiyata ya ce jijiyoyin jinin sun toshe tun shekarun baya, ba abin da 'yan makonni za su gyara, kuma in aka ƙara jira ba maganar ƙafa za a yi ba, maganar rai za a yi. Ƙasa da gwiwa kaɗan za a yanke. Ni abin ya ba ni haushi fiye da yadda ya ba ni tausayi. Lokacin da kowa ke yin ba daidai ba ƙafar tana nan, sai da kowa ya gyara sannan za ta tafi. Na faɗa wa Yaya haka ina jiran ta taya ni. Ta ce ƙafar ta daɗe da fara tafiya, ita ce dai ba ta cire masa takalmi ta gani ba.

Ranar da za a sallame shi muka je tare da hantsi. Ya rame, amma idonsa ya washe. Sandunan da aka ba shi suna jingine a bango, maiɗakinsa tana haɗa kwanuka a jaka. Ya sa wandon da ya ɗinka wa kansa, ƙafar dama ta wandon tana reto a gefen gado ba komai a ciki. Da ya ga Yaya sai ya gyara zama.

"Sista, ki yi haƙuri," ya ce. "Na ba ki kunya. Duk abin da kika faɗa ga shi ya faru."

"Ba ka ba ni kunya ba, Malam Tela."

"Na ba ki. Kin nuna ni a gaban mutane."

"Na nuna ka, amma ban duba ka ba," in ji ta. "Ni ya kamata in ba ka haƙuri, kuma ina ba ka."

Ya girgiza kai, bai yarda ba, kuma na san har ya koma gida ba zai yarda ba. Wannan ne ya fi ci mata rai, na gani a fuskarta, don da zagin ta ya yi da ya fi mata sauƙi. Maiɗakinsa, don ta kawar da maganar, ta durƙusa ta ninke ƙafar wandon sama, ta ciro fil daga jakarta za ta soke. Ya dubi ninkin, ya ce a'a, ba haka ake yi ba, zai yi tudu, kuma fil ɗin zai ci yadin. Ya tambaya ko akwai allura da zare a ɗakin.

Wata ma'aikaciya ta samo a jakarta, ta haɗa masa da almakashin yanka bandeji. Aka ja labule ya cire wandon, ya rufa da zanen gado, sannan ya shimfiɗa wandon a cinyarsa. Ya auna da tafin hannu daga gwiwa, ya bar 'yar rara saboda bandeji, ya ce wa Yaya ta riƙe masa bakin yadin ta ja sosai. Ta riƙe. Ya yanke ƙafar wandon, ya miƙa wa matarsa guntun ya ce ta ajiye, zai yi aljihu. Ya lashi bakin zaren, ya zura a allura tashi ɗaya, ya fara kalmasa, ƙanana-ƙanana a jere. Yaya tana riƙe da yadin hawaye na zubo mata, ba ta da hannun sharewa. Shi kuwa bai ɗago ba, sai ya ce ta ɗan matsa hagu, tana tare masa haske.